Turmina a Faifan Nasiru

Tsufa ya fara yi min sata. Jiya na nemi carbina har ƙarƙashin gado alhali yana wuyana, sunayen jikokina kuwa sai na bi su ɗaya bayan ɗaya kafin in faɗa kan wanda nake kira. Amma akwai wani yammaci da ba zan taɓa mantawa da shi ba, ko tsufan ya zo da kansa ya roƙa. Ko da ma na so in manta, matan unguwarmu ba za su bari ba.

Bari in fara gaya muku ko ni wace ce, don ku san daga wane tsayi na faɗo. A Arba wa Nus muke zaune, can gabashin Alƙahira, inda rabin waɗanda za ka gamu da su a lungu 'yan Sudan ne irinmu da yaƙi ya koro. Ni Bahaushiyar Sudan ce. Kakannina sun taso daga ƙasar Hausa za su Makka a ƙafa, suka tsaya hutawa a bakin kogi, hutun da har yau ba a gama ba. Ban taɓa zama a aji ba, amma Allah ya ba ni ido. Yarinyar da mayafinta ya zame, yaron da ya wuce babba bai gaishe shi ba, matar da ta bar shara a matakala, duk ina gani, kuma ba na barin magana ta kwana a cikina. In na fito baranda har masu tuktuk, keken hayan nan mai ƙafa uku, rage sautin waƙa suke yi. Sana'ata kuwa yaji. Masu gasa agashe na unguwar nan (tsire ke nan, can Sudan haka muke ce masa) a wurina suke saye, haka ɗaliban Najeriya da ke tasowa tun daga Darrasa in kewar gida ta kama su. A turmin itace nake daka shi. Ba na yarda da injin niƙa, ƙona ƙamshi yake yi.

To Allah da ikonsa, a gidan mace irina ya ajiye makaɗi. Nasiru ɗan 'yata ta fari ne (ba zan kama sunanta ba, kun san dalili), maigidana na wasa, wanda tun yana goye nake ce masa miji ba cefane. A Khartum ya koyi piyano, akwatin nan mai haƙora fari da baƙi. Da muka zo Masar ya samo wani tsohon akwati a wurin 'yan gwanjo, aka ɗaure shi da igiya aka ja shi har ɗakin da ke saman benenmu, unguwa ta fito kallo kamar ana ciro saniya daga rijiya. Bai daɗe ba ya jawo abokai biyu. Ɗaya ɗan Masar ne, dogo, mai rungumar wata uwar goge da ta fi shi ƙiba. Ɗayan ɗan Eritiriya ne mai ganguna da wasu faya-fayan ƙarfe kamar murfin tukunya. Sunayensu suna ba ni wuya, don haka Mai Goge da Mai Murfi nake ce musu, kuma suna amsawa.

Kiɗan nasu wai jaz sunansa. Nasiru ya ce ba ma jaz ɗin da aka saba ba ne, sabon salo ne da ya wuce gaba. Na ce ya wuce gaba ƙwarai, har ya baro hankali a baya. Kada ku ɗauka ban san kiɗa ba. Na san kalangu, na san kiɗan ƙwarya, na san dalluka da matan Sudan ke bugawa a gidan biki. Kiɗa yana da kai yana da gindi, ƙafa ta san inda za ta sauka. Nasu kuwa sai ka ji kamar kyanwa ce ke tafiya a kan haƙoran akwatin, Mai Goge ya ja wani gurnani kamar ana jan gado a kan siminti, Mai Murfi ya yi ta shafa murfinsa da 'yar tsintsiya kamar mai tsoron tada jariri. Can kuma duk su yi tsit su zuba wa juna ido. Ka ce sun gama, ka buɗe baki za ka yi hamdala, sai kwanukan duniya su zube gaba ɗaya.

Na yi faɗa, na yi nasiha, har na yi kwana biyu ba na amsa gaisuwarsa. Uwarsa ta ce in bar shi, gara yana sama yana dukan akwati da a ce yana gidan shayi yana busa shisha. Da na ga baki ya kasa sai na koma ga abin da hannuna ya iya. Na ji suna cewa za su ɗauki kiɗan a na'ura, sun toshe ƙofar ɗakin da barguna, sun bi kowa a gidan suna roƙo a yi musu shiru. Ranar na sa aka hau min da turmi sama, na girke shi a filin benen dab da bangonsu, na zuba barkono, na yi bismilla.

Ba daka na yi ba, yaƙi na yi. In sun yi tsit ɗin nan nasu, in sauke taɓarya da ƙarfi. In sun rikice da hayaniya, in tsaya in huta in juya barkonon, don ba zan ɓata ƙarfina inda ba za a ji ni ba. In na ji Nasiru ya kama wata hanya kamar abin zai yi daɗi, in karya dakan in shiga masa ta gefe. Haka muka yi ta yi har aka kira la'asar. Da suka buɗe ƙofa na gyara tsayuwa ina jiran rigima, sai Mai Goge ya taho zai sumbaci kaina. Na kare da taɓarya. A raina na ce sun saduda.

Bayan 'yan kwanaki Nasiru ya same ni ina tankaɗe, ya durƙusa ya ce, "Habboba, dakanki ya shiga cikin ɗaukar nan, ko'ina yana ciki. In bar shi?" (Habboba ita ce kaka a bakin 'yan Sudan.) Ni a tunanina kuka ya kawo, aiki ya lalace. Na ce, "Bar shi, maigida. Duk wanda ya saurara ya san gidanku akwai manya." Ya ce to zai rubuta a jiki cewa turmin na kakarsa ne. Na ce ya rubuta, in ya ga dama ya ƙara da taɓarya.

Faifai ya fito. Faifan ma ba a ganinsa, ba a riƙe shi, wai yana cikin waya. A nan ne na fara sanin cewa a duniya akwai mutanen da aikinsu ke nan, su saurari kiɗan wani su zauna su rubuta aibinsa a jarida, kuma a riƙa girmama su a kan haka. Na ce ikon Allah, ni da na ƙarar da shekaruna ina wannan aikin a baranda, ba wanda ya taɓa ce min ustaza.

Uwar Nasiru ke karanto mana daga waya in an gama cin abinci. Wani ya ce faifan hayaniya ce ta yara uku da ba su gama koyo ba. Na ce a miƙa masa gaisuwata, wannan ɗan halak ne. Wani ya ce ba a gane shi sai an saurara an sake saurara, na ce wa ya aike shi, mutum ba shi da aikin yi ne. Wani ya yi ta kwatanta Nasiru da wasu makaɗa na ƙasashen da ban san su ba, har uwar ta gaji da tuntuɓe a kan sunayen ta wuce. Sai wata mata daga Lubnan ta rubuta dogon bayani, wai turmin nan shi ne zuciyar faifan, wai mai dakan tana jayayya da piyano kamar uwa da ɗanta, kuma ta san inda ake yin shiru. Na taɓe baki na ce shirme. Da aka jima na ce a sake karanta min wurin, ban ji sosai ba saboda ƙarar fanka. (Fankar a kashe take.)

Sannan sharhin Ustaz Magdi ya fito. Shi ne babbansu a garin nan, in ya yaba abu a cika ɗaki, in ya kushe a watse. Uwar Nasiru ta fara karantawa, ta tsaya, ta ce sauran ba daɗi. Na ce ta ƙarasa. Mutumin ya ce yaron yana da hannu, amma ba shi da gaskiya. Wai turmin nan ba turmi ba ne, sauti ne aka haɗa a kwamfuta aka jera shi inda ake so, don babu tsohuwar da za ta san inda ake faɗowa a kiɗa irin wannan. Wai kakar ma ƙirƙiro ta aka yi, saboda an san Turawa na son labarin ɗan gudun hijira da kakarsa, ana so a ja hankalinsu su aiko da gayyata.

Ba a ɗauki lokaci ba wasu masu gidan kiɗa da suka yi musu alkawarin wurin wasa suka bugo waya suka ce a dakata tukuna. Nasiru ya rufe akwatinsa. Ɗakin sama ya yi shiru, shirun da na daɗe ina roƙo, ya zo kuma bai yi min daɗi ba. Yaro ya daina tsokanata. In na kai masa tuwo in dawo in tarar ya huda shi da yatsa ya bari. Na ce masa miji ba cefane, ya ce haka ne Habboba, ko murmushi babu.

Abu biyu suka tsaya min a wuya. A ce bai iya kiɗa ba, wannan ai ni na fara faɗa. Amma maƙaryaci? A jarida, gari na karantawa? Mu baƙi ne a ƙasar nan, ba gona ba gida, abin da muka tsallako da shi sunanmu ne kawai, in ya ɓaci ba mu da wani a akwati. Na biyun kuma (tunda na ɗauko faɗin gaskiya) shi ne wai ni ce babu. Ina zaune da raina da ciwon gwiwata, wani ya share ni daga duniya da alƙalami.

Da ma tun kafin haka an shirya wani zama a tsakiyar gari, inda za su buga kiɗan faifan a gaban jama'a, an kuma gayyaci masu sharhin. Nasiru ya ce zai fasa. Na ce ba za a fasa ba, kuma da ni za a je, da turmina. Ya kalle ni ya ce, "Amarya, kin san inda za ki kuwa? Gidan kiɗa ne fa." Na ce, "Ba kiɗa za ni ba. Shaida za ni bayarwa."

Na kafa sharuɗɗana. A yi a gama kafin magariba, don ba a daka da dare. Kada kowa a unguwa ya ji. Ya ce to mu hau sama mu gwada ko sau ɗaya ne, na ce tun uwarsa ba ta zo duniya ba nake daka, ba yau za a koya min ba. Ya ce ba sai na zuba komai a ciki ba, sautin kawai ake so. Na ce a gidanmu ba a dukan turmi wofi, mai yin haka yunwa yake kira wa gida. Ya ce to in zuba shinkafa ko gyaɗa. Na ce to.

Wannan "to" a baki ta tsaya. Da na zauna ni kaɗai na yi ta juya maganar. Shinkafa tana da nata sautin, tsaki-tsaki. Gyaɗa in ta fara fitar da mai sai turmi ya yi luƙus kamar ana dukan katifa. Abin da ke cikin faifan kuwa barkono ne busasshe, mai ƙaras-ƙaras da farko, sannan ya koma dim-dim in ya fara laushi. Mutumin nan kunne gare shi, in ya ji bambanci ko kaɗan zai ce ga shi nan, ba ita ba ce, an ɗauko wata tsohuwa haya. Mai ba da shaida ba ya canja ko kalma ɗaya. Don haka na zaɓo ƙananan barkonon nan jawur, wanda masu agashe ke roƙona in rage musu, na ƙara shanya shi ya bushe ƙayau, na ƙulle a leda na tura cikin jaka. Ban gaya wa kowa ba, don na san yaran yanzu, komai sai sun yi musu.

Ku tuna fa, duk rayuwata a fili nake daka. Tsakar gida a Sudan, baranda ko saman bene a nan. In ja gefen lafaya in rufe hanci, iska ta ɗebe sauran. Ban taɓa tambayar kaina ina ƙurar take tafiya ba.

Ranar na sa lafayata mai ruwan ƙasa, ta zuwa ta'aziyya. Muna cusa turmi a bayan tasi sai ga Hajja Zainabu maƙwabciyata, wadda ni da ita muka raba unguwar nan, ni ido ita baki. Ta tambaya ina zuwa haka da turmi. Na ce suna ake yi a Giza, an roƙe ni in daka musu yaji. (Ku duba fa, na fito wanke jikana daga ƙarya, ƙarya ce guzurina.) Ta ce Allah ya raya, tana kallon uwar gogen da aka ɗaure a saman motar.

Wurin a ƙarƙashin ƙasa yake. Aka yi ta sauka da ni matakala kamar za a binne ni da raina. Ɗaki ne madaidaici, babu taga ko ɗaya, an lulluɓe bangon da wani abu mai laushi don kada sauti ya fita, ƙofa guda ce mai nauyi, na'urar sanyaya ɗaki kuma tana ta huci daga sama. Duk wannan na gan shi da idona, ni mai ido, abin da kawai na ce a raina shi ne mutanen nan sun iya ɓarnar lantarki. Jama'a sun cika, yawancinsu da baƙaƙen kaya, ba mai ɗaga murya, ba mai dariya. Na ce ashe lafayar da na sa ta dace.

Nasiru ya nuna min Ustaz Magdi a layin gaba. Na zo da shirin ganin ƙato mai ɗaga hanci, sai na ga ɗan tsoho siriri, sa'ana, da sanda da gilashi mai kauri. Ya miƙe da kyar ya gaishe ni, ya kira ni Hagga, wato Hajiya irin ta mutanen Masar, ya ce na haskaka wurin. Ladabinsa ya ɓata min shiri, duk maganganun da na tanado suka rasa wurin sauka. Don kada fushin ya tafi a banza sai na ce a matso min da turmin bakin dandamali, daidai gabansa, yadda gobe ba zai ce bai gani ba. Har na ce masa da Larabcina na Sudan ya jawo kujerarsa kusa. Ya jawo, bawan Allah.

Aka rage fitilu. Nasiru ya yi gajeren bayani, ya ce ga kakar da aka ce babu. Aka yi tafi kaɗan-kaɗan kamar ana tsoron hannu ya ƙare. Na juya baya kamar mai gyara zani, na juye ledar a turmi, na ja gefen lafaya na rufe hanci da baki na soke, yadda na saba. Su a ganinsu kunya ce irin ta tsofaffi.

Nasiru ya fara taɓa akwatinsa, sauran suka bi shi, aka yi ta lalube. Sai suka yi tsit ɗin nan. Na sauke taɓarya.

Ba zan ɓoye muku ba, ya yi daɗi. A saman bene iska ke cinye rabin sautin, a nan kuwa kowane dim sai ya cika ɗakin ya dawo min ta tafin ƙafa. Mai Murfi ya amsa min, Mai Goge ya shigo ta ƙasa, Nasiru ya riƙa bi ta tsakaninmu kamar yaro mai tsallake kwata. Karo na farko ke nan da na ji inda suka dosa, ko kuma su ne suka ji inda na dosa, ban sani ba. Na lumshe ido. Kafaɗar da ke min ciwo ta manta da kanta. Har na cilla taɓarya sama na tafa na cafe, abin da rabona da shi tun muna 'yan mata ana lugude.

Sai na ji tari daga layin gaba. Na buɗe ido ɗaya na harari wurin, irin hararar da ke sa yaro ya haɗiye kuka. Aka sake wani daga baya. Sai atishawa. Mai Murfi, da yake su komai kiɗa ne, ya amsa wa atishawar da murfinsa, tas. Wani ya sake, ya sake amsawa. Na ce a raina oho, ashe haka ake yi, 'yan kallo ma suna da nasu rabon, ai an ce sabon salo ne. Na ƙara ƙarfi don kada su rufe ni.

Da na waiga sai na ga Nasiru yana kuka. Hawaye shaɓe-shaɓe har kan haƙoran akwatin, amma hannunsa bai tsaya ba. Zuciyata ta karye. Na ce Allah sarki yaron nan, ya ga kakarsa ta tsaya masa a gaban duniya. Na dubi jama'a cikin ɗan hasken da ke akwai, na ga wata mata ta rufe fuska da gyale kafaɗunta na rawa, wani saurayi ya cusa kai tsakanin gwiwoyinsa. Ustaz Magdi kuwa ya cire gilashi, hawaye na bin kumatunsa, baki a buɗe, ya ɗago min hannu ɗaya yana kaɗawa.

Jama'a, ni na fassara hannun nan da "ƙara". Na ce yau gaskiya ta yi halinta, dutse ya tsage. Na tuna matar Lubnan da ta ce ni ce zuciyar faifan, na ce ashe baiwar Allah ta san abin da take faɗa. Nawa idon ma ya fara kawo ruwa, na ɗauka tausayi ne. Na tattara ƙarfin da ya rage min na shiga dakan ƙarshe, wanda ke mai da barkono gari, mai sauri, ba ɗaga kai. Na'urar sanyin nan da ke saman kaina tana karɓa tana rabawa, ba ta manta da na lungu ba.

Ƙarar kujeru ce ta dawo da ni. Wani ya ɗaga murya ya ce an saki hayaƙi. Aka kunna fitilu. Mutanen nan masu natsuwa, waɗanda ɗazu ko numfashi a hankali suke yi, suka yi kan ƙofar nan guda ɗaya ana tari ana ture juna, wata har ta bar takalminta. Mai Goge ya rungumi gogensa yana laluben hanya ido rufe. Kafin in gama fahimta, ɗaki ya zama ni kaɗai ce a tsaye da taɓarya a sama, wani jan hazo na yawo cikin hasken fitila. Sai Nasiru ya lallaɓo ya leƙa turmin. Ya ɗago, idanu kamar garwashi, murya a shaƙe.

"Habboba, wace irin shinkafa ce wannan?"

Na sauke taɓaryar a hankali, kamar in na yi a hankali abin zai koma bai faru ba.

Da muka fito titi rana ba ta ma faɗi ba, kowa na ganin kowa. Mutane zube a gefen hanya, mai kantin kusa ya fito da ruwa da madara ana wanke fuska, masu wucewa sun tsaya suna tambaya ko gobara ce. Mai wurin yana ta magana a waya yana nuno ni da hannu. Akan ce da ƙasa za ta tsage da mutum ya shige, amma ni daga ƙarƙashinta na fito, na san abin da na baro a can.

Ustaz Magdi na zaune a kan dakalin wani shago, an jiƙa masa hankici ya ɗora a ido. Na ja ƙafa na je. Ni da ban saba ba kowa haƙuri ba, na tsaya a gabansa na ce ma'alish, wato yi haƙuri, na sake cewa ma'alish, don ita kaɗai ta zo bakina. Ya ɗaga hankicin ya dube ni da ido ɗaya, ya yi wani dogon tari. Sannan ya ce, "Khalas ya Hagga, shi ke nan, na gaskata. Kwamfuta ba ta yin wannan." Ya mayar da hankicin. Can ya ƙara da cewa da hoto ma na aiko masa da ya wadatar.

Bai tsaya nan ba, ya sake rubutu. Uwar Nasiru ta karanta mana, wannan karon in ta tsaya dariya ce ta tsayar da ita. Ya ce ya yi wa yaron ƙazafi, ya janye, yana neman afuwarsa a gaban duk wanda ya karanta na farko. Turmi gaskiya ne, kaka gaskiya ce, idanunsa shaida ne. A kan sauran bai sauka daga ra'ayinsa ba, har yanzu yana ganin rabin faifan yara ne ke laluben hanya a duhu, amma ya ce lalube ne na gaskiya. Masu gidan kiɗan da suka ce a dakata suka sake bugowa. (Na ƙarƙashin ƙasan kuwa sai da aka wanke shimfiɗu da labule, kuma an gaya wa Nasiru cikin ladabi cewa ƙofa a buɗe take gare su, su uku.) Ɗakin sama ya koma hayaniyarsa, maigida ya koma share kwano yana ce min yaushe za mu fitar da faifai na biyu.

Sai dai akwai wani layi a ƙarshen rubutun da uwar ta so ta tsallake. Na ga idonta ya yi tsalle, na ce ta koma. Wai Hajiyar tana da hannu kuma tana da kunne, amma tana da aibin da ke kama sababbin makaɗa: da zarar ta zaci ana yaba mata sai ta ƙara sauri. Na buɗe baki zan yi musu, na rufe. Duk cikin masu sharhin nan, ba wanda ya faɗi gaskiya tsirara kamar wannan.

Asirin da na ce a rufe kuwa bai rufu ba. Wani ya ɗauka a waya ya watsa, har wurin cilla taɓaryar. Hajja Zainabu ta shigo da hantsi ta zauna, ta sha shayinta, ta tambaye ni yadda aka yi suna a Giza da sunan da aka raɗa wa jaririn. Sannan ta yi wani ɗan tari ƙasa-ƙasa, ta ce sanyin bana ne. Daga ranar, in na tsaya a lungu zan yi wa wata yarinya magana kan waƙar da take ji a waya, kafin in buɗe baki sai in ji tari daga wata taga. Ba a cewa komai. Tari kawai.

Abin da ya fi damuna ba tarin ba ne, wani tunani ne da ya shige ni ya ƙi fita. Shekara da shekaru in na yi wa mutum faɗa na ga hawaye, sai in ce alhamdulillahi magana ta shiga, in ƙara masa. Yanzu na fara shakka. Mai yiwuwa rabin waɗanda suka yi kuka a gabana ba tuba suka yi ba, yajin ne ya yi musu yawa, suna ɗaga hannu in dakata ni kuma ina ƙara sauri. Shi ya sa a 'yan kwanakin nan, in ina magana na ga idon mutum ya kawo ruwa, nakan tsaya tukuna in tambaye shi: lafiya dai, ko ni ce?